Tulu na Uku

Ko tsufa ya sa na manta da sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar zaɓen kwamitin ruwa a wani gari da ke tsakanin Birnin Lalle da Azagor ba. Sunan garin kam ba zan faɗa ba, don har yanzu ina bi ta can, kuma dariyar da suke yi mini ta ishe ni, ba sai na ƙaro musu mataimaka ba.

A lokacin ina aikin animater a wata ƙaramar ƙungiyar agaji mai buro, wato ofis, a Dakoro. (Animater shi ne wanda ake aikawa ƙauye a kan moto, wato babur, ya tara mutane, ya yi ta zuba har su gaji su ce sun yarda.) In na ce ƙarama, to ƙarama nake nufi. Kada ka tuno da manyan ƙungiyoyin nan masu fararen motoci a jere. Mu buronmu ɗaki biyu ne da rumfa, da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an lallashe ta. Masu ƙungiyar kuwa suna can Turai: malaman lekol, wato makarantar boko, da suka ajiye aiki, da wata tsohuwar ungozoma, da wani manomin dankali, da ire-irensu. Ba wanda ake biya a cikinsu. Sukan sayar da tsofaffin littattafai da cincin irin nasu a kasuwar garinsu, su tara abin da za su aiko mana. Majalisarsu sau ɗaya take zama a wata, a wani ɗaki da ake ara musu, kuma ba a yanke komai sai kowa ya faɗi ra'ayinsa. In shekara ta zagayo duk membobi su taru su sake zaɓen 'yan majalisar.

Su dai mutane ne masu son a yi abu bisa tsari, kuma yadda suke tafiyar da kansu a can, haka suke so a tafiyar da aiki a nan. Dokarsu ta ce ba a miƙa wa gari wani aiki, rijiya ce ko rumbun hatsi, sai garin ya zaɓi kwamitinsa da shugabansa a asirce, mata da maza. Ta ce abin da gari ya zaɓa, buro ba shi da ikon taɓawa. Ta kuma ce ma'aikacin ƙungiya ba ya zama cikin kwamitin gari, don kada baƙo ya zo ya mallake wa mutane abinsu. Har yau ina ganin dokokin nan da kyau. Matsalar dai a lokacin ni na fi masu dokar son dokar. Ban daɗe da dawowa daga wata formasiyo, irin horon nan na ma'aikata, a Maraɗi ba, kaina cike da manyan kalmomin Faransanci, in na tsaya gaban jama'a sai in ji kamar ni na ƙago shugabanci.

Garin da nake magana manoma ne a kudancinsa, makiyaya a arewacinsa, kuma tun kaka da kakanni rijiya ɗaya suke sha. Gefen rijiyar ya rufta, ruwanta ya zama ba ya isar ko rabin gari. Mata suna tafiya mai nisa da jakuna, yara suna fashin lekol saboda ɗibar ruwa. Ƙungiyarmu ta haƙa musu foraj, wato rijiyar burtsatse, ta ɗora shato, babban tankin ruwa, bisa ƙafafun ƙarfe, da farantan nan masu zuƙar rana, aka kewaye da waya, aka sa ƙofa da kwaɗo. Makulli ɗaya ne. Ruwan shato kuwa ba kogi ba ne, abin da rana ta ɗora shi ke nan, sai an samu mai buɗewa da rufewa, mai cewa yanzu lokacin gidaje ne, yanzu na dabbobi. Aiki ya ƙare, bazara ta kawo kai, amma makulli yana buro, don ba a yi zaɓe ba.

Na yi ta zarya a kan moto ina neman kowane ɓangare ya fitar da ɗan takara. Duk zuwan da na yi sai Maigari ya tarbe ni da fara'a, ya sa a kawo fura, ya ce, “Mushe, a ƙara haƙuri, muna shawara.” (Mushe suke kirana, kamar malamin lekol, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.) Ni a raina na riga na yanke hukunci: lalaci ne da rashin wayewa. Ran nan na ɗaure fuska na ce musu in ba 'yan takara, kwaɗo yana nan daram, su ci gaba da kallon shato daga nesa. Da wannan barazanar manoma suka turo Malam Haruna, dattijo mai sanyin magana. Makiyaya suka turo Altine, dogo, mai ƙarancin surutu. Dukansu biyun sun fito gaba kamar waɗanda za a yi wa allura. Na ce a raina kunya ce irin ta mutanen ƙauye, za ta wuce.

Sai na zauna na tsara yadda za a yi zaɓen, tun da mafi yawansu ba sa karatun boko. A kewaye rumfa da zana. A ajiye tulu biyu a ciki, masu ƙaramin baki yadda ba mai ganin abin da ke ƙasa. A jingine hauya jikin tulun Malam Haruna, sanda jikin na Altine. Kowa a ba shi ƙwallon aduwa guda, ya shiga shi kaɗai ya jefa inda ransa ke so. Da na gama tsarin nan na kwana ina yaba wa kaina. Abin da ya ƙara kumbura mini kai shi ne, a makon nan mataimakiyar shugabar majalisa, wata dattijuwa da muke kira Madam Kilodin, ta zo ziyara daga Turai, kuma shugaban buronmu ya ce garina za a kai ta, ta ga yadda jama'a ke mulkin kansu.

Ranar zaɓe na riga su tafiya da sassafe. Na sa sabuwar hulata mai aikin zare shuɗi, na naɗa rawani a bisanta saboda rana da yashin hanya. Gari ya taru gaban rumfa. Na sa aka ɗage zana ta gefe ɗaya don kowa ya ga tulunan, na shiga bayani. Ina cikin zuba sai wata tsohuwa daga cikin mata ta ɗaga murya.

“Ɗana, to in mutum bai son hauya, bai son sanda hwa?”

Aka yi dariya. Na ce, “Inna, dole ki so ɗaya. Haka doka ta ce.”

Ta ce, “To, Allah shi kyauta.”

Na ga ya kamata in nuna musu yadda ake jefawa a aikace. Amma a wane tulu? In na jefa na hauya, makiyaya su ce Mushe ya nuna inda yake so. In na jefa na sanda, manoma su ce haka. Sai wata dabara ta faɗo mini, na ji daɗin kaifin basirata. Na sa aka aro tulu na uku daga gidan da ke kusa, na ajiye shi a jere da sauran. Na warware rawani, na cire hulata, na kifa ta a gefen bakin tulun.

Na ce, “Ku duba da kyau. A ce ni ma ɗan takara ne, ga alamata, hula. Wanda ke so na, haka zai yi.”

Na jefa ƙwallo, ya yi ƙara a ƙasan tulu. Jama'a suka yi shiru suna kallo, irin shirun da na ɗauka na fahimta ne. To, fahimtar ce kuwa, sai dai sun fahimci abin da ni ban fahimta ba.

A daidai lokacin na ji ƙahon motarmu daga bakin gari. Madam ta iso! Na wawuri rawanina na naɗa a guje, na ce wa mutanen Maigari su saki zana su rufe rumfa, na ruga tarbar baƙuwa. Wanda ya saba da rawani ya san in yana kanka ba ka jin ko akwai hula ƙarƙashinsa ko babu.

Aka zaunar da Madam a kujerar Maigari, shugaban buro a gefenta. Na tsaya tsakiyar fili na yi jawabin da na kwana ina bita, in faɗa da Hausa in juya da Faransanci. Na ce daga yau ruwan nan nasu ne. Na ce da zarar an fara jefawa ba mai leƙa rumfar nan sai mai jefawa, ko ni kaina ban isa ba. Sannan na ɗaga yatsa sama na ce, “Duk wanda kunka zaɓa, shi ne. Buro ba ya canza shi, ni ba ni canza shi, ko Madam da ta taso daga Turai ba ta iya tuɓe shi!” Maigari ya sa na maimaita wannan na ƙarshen, wai na baya ba su ji ba. Na maimaita da ƙarfi, har da bugun ƙirji.

Aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne fara'ar mutane. Mutum zai shiga fuska a murtuke, ya fito baki har kunne. Mata suna fitowa suna rufe baki da gefen mayafi, suna dafa juna. Tsohuwar nan da ta yi tambaya ta fito tana ɗan taka rawa. Malam Haruna ya shiga kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, ya fito kamar an sauke masa dami, ya je ya kama hannun Altine suka yi ta gaisawa. Na sunkuya kusa da Madam na ce mata da Faransanci, ta duba ta ga yadda 'yanci ke faranta ran talaka. Baiwar Allah har da share ƙwalla, tana ta ɗaukar hoto.

Da aka gama na sa aka shimfiɗa tabarma tsakiyar fili, na ce dattawa su shiga su fito da tulunan. Na farko ya fito da tulu da hauya. Na biyu ya fito da tulu da sanda. Ina shirin buɗe baki sai na ga na uku ya fito, rungume da tulu hannu bibbiyu, yana tafiya a hankali saboda nauyi, ga wata hula mai aikin zare shuɗi a bakin tulun.

Na ɗaga hannu na taɓa kaina. Rawani ne kawai, da gumi.

Aka juye tulun hauya, 'yan ƙwallaye suka gangaro, ba su cika tafin hannu ba. Aka juye na sanda, shi ma haka. Aka juye na hula. Ban taɓa sanin ƙwallon aduwa na da ƙara irin wannan ba, sai da ya yi ta zuba kamar ana auna gyaɗa, ya taru tsibi guda a kan tabarma. Kafin in yi motsi guɗa ta tashi daga ɓangaren mata, maza suka kama tafi.

Maigari ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya zo ya kama hannuna da fuska ba alamar wasa.

“Mushe, Allah shi taya ka riƙo.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, wanga tulu ai misali ne! Mantuwa na yi!”

Ya ce, “Mu dai tulu ukku munka iske. Kuma kai da bakinka ka ce wanda munka zaɓa, ko Madam ba ta iya tuɓe shi.” Ya juya ga jama'a. “Ko ba haka ya ce ba?”

Gari duka ya amsa, “Haka ya ce!”

Madam tana ta murmushi, don ba ta jin Hausa, ta ga dai wani ya ci da gagarumin rinjaye. Ta tambaye ni wane ne mai hula, ya fito ta gaishe shi. Na waiwaya in nemi taimakon shugaban buro, na hango shi can ya durƙusa yana duba tayar mota da ba abin da ya same ta. Duk Faransancin da na kwaso a Maraɗi ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na ce mata hular tawa ce.

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta dubi tsibin aduwa, ta dube ni. Sai na ga kafaɗunta suna girgiza, tana danne dariya. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, in ja ta in rufe.

Bayan azahar na iske Malam Haruna da Altine a zauren Maigari suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Raina a ɓace na ce sun haɗa baki sun kunyata ni gaban baƙuwa.

Malam Haruna ya ce, “Wallahi Mushe ba wanda ya haɗa baki. Ni dai na shiga na ga hula, na ji sanyi cikin raina.”

Altine ya ce, “Ni ma hula na jehwa ma.”

Na ce, “Kai da kanka ba ka zaɓi kanka ba?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa bai mari kansa ba. Malam Haruna ya ajiye ludayi ya ce, “Shanun Altine su ka kwana gonata bayan girbi tun zamanin iyayenmu. Ran da ruwa ya yi ƙaranci, da wane baki za ni ce mai shi tsaya?”

Na ce ai don haka aka yi doka, doka ce za ta yi magana ba shi ba. Suka dubi juna, suka ci gaba da shan furarsu. Na fita ina cewa a raina uzuri ne kawai na masu gudun ɗawainiya.

Madam kuwa ta shiga tsaka mai wuya. Doka ɗaya ta ce buro ba ya taɓa zaɓin gari, ɗayar ta ce ma'aikaci ba ya zama a kwamiti, ga shi gari ya zaɓi ma'aikaci. Ta ce ita kaɗai ba ta da ikon karya ko ɗaya, sai majalisa ta zauna ƙarshen wata. Amma ta rantse ba za ta hau jirgi ta bar mata suna bin jakuna ba alhali ga ruwa a shato. Don haka kafin majalisa ta yanke, wanda aka zaɓa shi zai riƙe. Gaban jama'a ta rataya mini makulli a wuya da igiya, guɗa ta sake tashi. Maigari ya ba ni ɗaki a gidansa, sunana ya tashi daga Mushe ya koma Parzidan, wato shugaba.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko na ji daɗi. Nono daga arewa, fura daga kudu, kowa na gaishe ni da rusunawa. (Mutum dai ba ya gyaruwa da wuri.) Na tsara lokuta: safe na gidaje, hantsi na dabbobin gari, yamma gidaje kuma. Na fara tunanin watakila ma jama'a sun ga cancanta ne.

Sai zafi ya tsananta. Akwai ranakun da sama ke yin duhu-duhu ba ruwa ba iska, farantan rana su yi kasala, shato ya kasa cika. A irin wannan rana ne, bayan azahar, wani dattijon makiyayi da ba ɗan garin ba ya iso daga kudu da iyalinsa da garken shanu, za su wuce arewa. Shanun sun rame, haƙarƙarinsu duk a waje, suna tafe suna tangaɗi. Ruwan da ya rage a shato kaɗan ne. Ga bidodin mata, jarkokinsu na ruwa, a jere bakin pampo tun hantsi, na girkin yamma da na shan yara. In na buɗe wa shanu, gidaje za su kwana ba ruwa. In na hana, rijiya ta gaba tana da nisa.

Na waiwaya in nemi wanda zan yi shawara da shi. Malam Haruna da ke zaune gindin bishiya ya tuna da wani aiki a gida. Altine yana tsaye can nesa, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Kowa ya bar ni da makullina.

Dattijon ya yi sallama, ya roƙi ruwa yadda ake roƙo, ba tare da ƙasƙantar da kai ba. Na yi masa bayanin shato da rana da lokuta, ina ji da kunnena yadda maganar ba ta da daɗi. Na ce shi da iyalinsa su sha su cika salkunansu, a ba 'yan maruƙa, amma garke kam babu hali. Ya saurare ni har na gama. Bai yi faɗa ba, bai yi magiya ba. Ya dai dube ni ya ce, “Kai ɗan wane ne?”

Na faɗa masa sunan mahaifina da unguwarmu a Dakoro. Ya maimaita sunan a hankali, ya girgiza kai.

“Ban san shi ba.”

Ya juya ya kaɗa shanunsa. Shanun sun riga sun ji ƙanshin ruwa, suka ƙi juyawa. Suka yi ta tura hanci jikin waya suna kuka, sai da shi da 'ya'yansa suka sa sanda suka yi ta dukansu kafin suka bar wurin. Na tsaya ina kallo har suka ɓace, makulli na manne da ƙirjina saboda gumi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Matan da na adana wa ruwan ma ba wadda ta ɗaga ido ta dube ni, kowa ta cika bidonta ta tafi shiru.

Altine ya matso ya tsaya kusa da ni. Can ya ce, “Da ni ya tambaya, da ya san ubana. In damina ta yi munka hau arewa, rijiyassu mu ka sha.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya isa. A tsohuwar rijiya ba a taɓa samun wanda ya ce wa baƙo a'a ba. Kowa ya zura wasakinsa da igiyarsa, in ruwa ya ƙare a zauna a jira ya taru, ba sunan kowa a ciki. Mu muka zo da ƙofar ƙarfe da makulli ɗaya, muka ce su fitar da mutum guda daga cikinsu wanda sunansa da na ubansa za su bi duk garken da aka kora. Ni ina iya hawa moto in koma Dakoro. Malam Haruna da Altine kuwa a nan za su tsufa, kasuwa ɗaya za su ci da mutanen nan, 'ya'yansu su gaji abin da aka faɗa a kansu. Sun shiga rumfa sun ga tulun baƙo, suka gode wa Allah. Daga baya na ji an ce an ga saniya kwance a hanyar arewa. Ban san ko ta dattijon ce ba, kuma ban yi ƙarfin halin bincikawa ba.

Ranar da majalisa ta zauna, aka kira ni ta talho aka sa ni a lasifika. Na shirya dogon bayani mai manyan kalmomi don in wanke kaina daga batun hula, amma da na buɗe baki sai na ji ina ba su labarin shanun da ake duka su bar ruwa. Manomin dankalin nan ne ya fara magana, ya ce a ƙauyensu ma in fari ya zo ba wanda ke son a ce shi ya rufe wa maƙwabci ruwan ban-gona. Wani kuma ya ce in babu shugaba guda, wa za a tambaya in abu ya lalace? Suka yi ta ja-in-ja yadda suka saba, ba su gama ba sai a zama na gaba. (Ni kuwa ina can ina ci gaba da mulkin da ban nema ba, na rame na yi baƙi.) A ƙarshe suka gyara dokarsu: gari shi zai faɗi yadda yake so ya riƙe abinsa, buro ya saurara, muddin mata da makiyaya suna da baki a ciki.

Garin bai ɓata lokaci ba, kamar dama amsar na aljihunsu, tambaya ce ba a yi musu ba. Suka ce makulli a rataye shi a masallaci. Dattawa daga kudu da arewa, da mata biyu, ciki har da tsohuwar nan mai tambaya, su ke kula da lokuta, kuma ba mai buɗewa shi kaɗai. In baƙo ya zo, sai sun zauna tare a ba shi amsa, a ce gari ya ce. Abin yana da jinkiri, wani lokaci baƙo ya gaji da jiran a nemo dattijon da ya tafi gona. Kuma har yanzu akwai ranakun da ake cewa babu, don shato bai ƙara girma ba. Amma an daina tambayar kowa ɗan wane ne shi.

Na cire igiyar daga wuyana na miƙa wa liman, ba guɗa ba tafi. Har yau in na shiga kasuwar dabbobi ta Dakoro sai in ji wani daga nesa ya ƙwala, “Parzidan!” jama'a su waiwayo su ga wane babban mutum ne, su ga ni ne a kan tsohuwar moto.

Na ci gaba da aikin animater, sai dai yanzu in na je gari ina rage zuba in ƙara tambaya, kuma in na ga mutane suna jan ƙafa, nakan zauna in ji abin da suke gudu kafin in kira shi lalaci. Darasi kuwa na same shi a arha, tun da kunya kawai na biya, shanun wani ne suka biya sauran. Duk ranar da ka ga jama'a sun haɗu baki ɗaya sun zaɓe ka, har da guɗa, kada ka yi saurin gyara zama. Ka fara dubawa tukuna, wane kaya ne suka sauke daga kansu suka aza maka.